Ƙunshin Da Ba A Manna Wa Kan Sarki: Tarihin Rangwamen Gidan Waya Ga Makafi

Duk wanda ya yi zaman kudu tun kafin zuwan wayar hannu ya san darajar gidan waya. Ta nan ake jin labarin gida, ta nan ake samun sanarwar haihuwa da ta rasuwa, kuma sau da yawa akwatin maigida guda ɗaya ne unguwa duka take amfani da lambarsa. Ƙa'idar wurin kuwa kowa ya haddace ta. Ka miƙa wasiƙarka, ma'aikaci ya ɗora a sikeli, ya faɗa maka kuɗi, ka sayi kan sarki ka manna. In ba kan sarki, to ba tafiya.

Amma akwai kaya iri guda da ƙasashen duniya suka yarda a ɗauka daga wannan ƙasa zuwa waccan ba tare da an manna masa kan sarki ba, wato littattafan makafi da faya-fayan da aka karanta musu littafi a ciki. Mutane da yawa a cikinmu ba su taɓa jin wannan magana ba, har da waɗanda abin ya shafa. Shi ya sa na ga ya dace mu waiwayi yadda aka yi aka kai ga haka, don ba da rana tsaka abin ya faɗo ba.

Sai mun fara da sikelin nan, domin shi ne tushen matsalar. A Ingila kafin shekarar 1840, wanda aka aika wa wasiƙa shi ne yakan biya, kuma ana lissafi ne da nisan tafiya da yawan fallayen takarda. Wani malami mai suna Rowland Hill ya kawo shawarar a daina duba nisa, a koma ga nauyi, mai aikawa kuma ya biya tun da farko. Aka karɓi shawararsa, aka buga kan sarki na farko a 1840, kwabo guda, da hoton kan Sarauniya Victoria. Sauran ƙasashe suka bi sahu. Ga mai ido wannan sauƙi ne babba. Ga makaho kuwa, ashe wata wahala ce ke tafe.

Dalili shi ne rubutun makafi ba ya son takarda mai laushi, kuma ba ya matsuwa. Wanda ya ƙago shi, Louis Braille, an haife shi a 1809 a wani ƙauye mai suna Coupvray a Faransa. Ubansa baduku ne mai ɗinkin sirdi da linzami. Yana ɗan shekara 3 ya soki idonsa da basilla a rumfar uban, ciwo ya kama ɗaya idon, ya makance ɗungum. Aka kai shi makarantar makafi ta birnin Faris a 1819. A can ya tarar ana karatu da manyan haruffan boko da aka tuttuɗo a jikin takarda, yara suna shafawa da yatsa, abin da jinkiri ƙwarai, kuma makaho ba ya iya rubuta shi da kansa. Yana da shekara 15 ya shirya nasa tsarin na ɗigo-ɗigo, bayan ya ga wanda wani mai suna Charles Barbier ya kawo makarantar. Ya buga shi a 1829. Ɗigo shida ne kurum a gida guda, uku a hagu uku a dama, kuma daga cikinsu ake fitar da alamomi 63. Ya rasu a 1852, hukumar ƙasarsa ba ta amince da rubutun nasa ba sai a 1854. Allah Sarki!

To, girman ɗigon nan ba a rage shi, don kan yatsa ne ma'auninsa. Mai buga littafin masu ido yana iya ƙanƙanta haruffa ya cusa magana mai yawa a shafi guda. Mai buga na makafi ba shi da wannan dabara. Shafi guda bai cika wuce layi 25 ba, kowane layi gida kamar 40, kuma dole takardar ta yi kauri don kada ɗigon ya kwanta. Saboda haka littafin da za ka sa a aljihun riga, in an mai da shi rubutun makafi sai ya zama mujalladi uku ko huɗu, kowane ɗaya ya fi kundin rajistar makaranta girma. Alal misali, Alƙur'ani mai girma da ake bugawa da wannan rubutu a ƙasar Indunusiya yakan zo a mujalladi 30, kowane juzu'i da littafinsa. Littafi Mai Tsarki na Kirista ma a wasu bugu yana kai mujalladi kusan 40. Ka ɗora wannan a sikelin gidan waya ka ji abin da za a ce maka.

Bugu da ƙari, littattafan nan tsada gare su, ba kowa ke iya mallaka ba, sai dai aro. Kuma makafi masu karatu a warwatse suke, ɗaya a wannan gari, biyu a wancan. Ba yadda za a gina wa kowane gari laburaren makafi. Abin da ya yiwu shi ne a tara littattafan wuri guda, a riƙa aika wa mutum har gida, in ya gama ya maido. A Landan wata makauniya mai suna Martha Arnold ta fara irin wannan laburare na aro a 1882, da 'yan littattafai kaɗan a gidanta. Amma kowane littafi sai an biya masa kuɗin zuwa da na dawowa, kuma mai karatun yawanci ba mai hali ba ne. Kun ga ke nan laburaren yana nan, littafin yana nan, mai son karatu yana nan, kan sarki ne ya tsaya a tsakani.

Ƙasar da ta fara kawar da wannan shinge ita ce Kanada, a 1898. Wanda ya tsaya tsayin daka a kan maganar shi ne Charles Frederick Fraser, shugaban makarantar makafi ta Halifax tun 1873, shi ma kansa makaho ne. Ministan gidan waya na lokacin, William Mulock, ya yarda a riƙa ɗaukar littattafan makafi kyauta. Kanada ƙasa ce mai faɗin gaske ga ƙarancin jama'a, wanda ke wani lungu zai iya shekara bai ga wani makaho ɗan'uwansa mai karatu ba, balle littafi. Ina ganin wannan ne ya sa suka riga kowa gane matsalar.

Amurka ta biyo baya a 1904, majalisarsu ta yi doka cewa littattafan da laburare ko wata cibiya ta ara wa makaho za su je su dawo ba a biya ko anini ba. Ingila kuwa ta yi taka-tsantsan irin nata. A 1906 majalisarsu ta yi dokar da ta ba da damar rage kuɗin, ba ta yafe shi duka ba. Makafin Ingila suka ci gaba da biyan ɗan abin da aka yanka musu har kusan shekara 60, sai a 1965 aka mai da abin kyauta. Wato dai rangwamen ya kasu iri biyu tun daga farko, akwai masu ragi akwai masu yafewa, kuma an daɗe ana jayayya a kan wanne ya fi dacewa.

Abin da ya sake girgiza maganar shi ne Yaƙin Duniya na Farko, daga 1914 zuwa 1918. Dubban samari suka dawo daga fagen fama ba ido. Waɗannan ba yara ba ne da za a zaunar a aji a koya musu shafa ɗigo tun yatsunsu na da laushi. Wanda ya makance da girma, musamman mai aikin ƙarfi da hannunsa ya yi kanta, koyon rubutun Braille yana yi masa wuya ainun. Ɗaya daga cikin sojojin nan, Ian Fraser, harsashi ya ɗauke masa gani a 1916, daga baya ya shugabanci St Dunstan's, gidan da aka kafa a 1915 don kula da sojojin da suka makance. Shi ne ya dage sai an sami hanyar da littafi zai yi magana da kansa. Tunanin ba sabo ba ne, domin Thomas Edison da ya ƙago garmaho a 1877 ya ambaci karanta wa makafi littafi a cikin amfanin da yake hango wa na'urarsa. Matsalar ita ce faifan garmaho na wancan zamani minti huɗu ko biyar yake yi ya ƙare. Sai da aka rage gudun juyawar faifan aka matse layukansa, har gefe guda ya iya ɗaukar kusan minti 25. Da haka aka buɗe laburaren littattafai masu magana a Ingila a 1935.

Amurka ta riga su da shekara guda. A 1931 Shugaba Herbert Hoover ya sa hannu a dokar da ta ba Laburaren Majalisa dala 100,000 a shekara don samar wa manyan makafi littattafai. A 1933 aka gyara dokar ta haɗa da faya-fayai, a 1934 faya-fayan farko suka fito, kuma a shekarar aka shigar da su cikin kayan da gidan waya ke ɗauka kyauta. Wani abin sha'awa, faifai mai juyi 33 da sulusi a minti, wanda masu kiɗa da waƙa suka rungume shi daga 1948, makafi sun riga su cin moriyarsa da shekara goma sha huɗu.

Faifai ma ba sauƙin nauyi gare shi ba. Littafi guda yakan ci faifai goma ko fiye, a cikin akwati mai ƙarfi da maɗauri don kada su fashe a hanya. A jikin akwatin akwai ɗan aljihu da kati a ciki, gefe guda adireshin mai karatu, ɗaya gefen na laburare. In mutum ya gama saurare sai ya zaro katin ya juya shi ya mayar, ya ba mai raba wasiƙu. Ba ya bukatar wanda zai rubuta masa adireshi, ba ya bukatar zuwa layin sayen kan sarki. Wannan 'yar dabara ta daɗe tana aiki, ta bi faifai, ta bi kaset, har zuwa na'urorin zamani. A ganina wanda ya yi tunanin katin nan ya san halin makaho sosai, don yafe kuɗi kaɗai ba ya isa in har mutum sai ya roƙi wani a kowane mataki.

Duk wannan a cikin gida ne, kowace ƙasa da dokarta. To, in littafi zai ƙetare iyaka fa? Nan ne Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya ta shigo. An kafa ta a birnin Bern na ƙasar Suwizalan ranar 9 ga Oktoba, 1874, bisa manufar cewa ƙasashen da ke cikinta su zama tamkar yanki guda wajen musayar wasiƙu. Ita ce dalilin da ya sa kan sarkin da ka saya a Dugbe zai kai takardarka har Kumasi ko Jidda ba a sake neman wani ba. Harshenta na hukuma Faransanci ne, shi ya sa a takardunta ake kiran kayan karatun makafi da sunan cécogramme. A babban taronta na birnin Brussels a 1952 aka tsai da shawarar yafe wa irin waɗannan kaya kuɗin gidan waya tsakanin ƙasa da ƙasa. Nauyin da aka yarda da shi ya tsaya a kilo 7 ga kowane ƙunshi, alhali wasiƙa ko ƙaramin ƙunshi na kowa da kowa iyakarsa kilo 2. Abu guda da yarjejeniyar ta ware shi ne ƙarin kuɗin jirgin sama, ta bar wa ƙasashe damar karɓarsa. Wannan ya sa shekaru da dama littattafan makafi ta jirgin ruwa suke tafiya, a yi wata biyu ko uku ana jira, ko da yake wasu ƙasashe sun yafe har kuɗin jirgin saman don raɗin kansu.

Kusan a daidai wannan lokaci aka warware wata matsala da ta shafi masu karatun Larabci. A da kowace makarantar makafi a ƙasashen Larabawa da irin nata tsarin ɗigon, wasu ma suna karantawa daga dama zuwa hagu. A taron da hukumar UNESCO ta kira a Beirut a 1951 aka daidaita a kan tsari guda, ana shafawa daga hagu zuwa dama kamar na sauran harsuna. Ba don haka ba, ko an kawo maka littafi kyauta daga Masar ba lalle ne ka iya karanta shi ba in a wani wuri ka yi makaranta.

Kada a ɗauka kyautar ba ta da sharaɗi. Tun farko hukumomin gidan waya suna tsoron masu wayo, kada wani ya cusa hajarsa ya rubuta sunan makafi a kai. Saboda haka ƙa'idar da aka fi bi ita ce a ɗaure ƙunshin yadda ma'aikaci zai iya buɗewa ya duba, a rubuta a bayansa ƙarara cewa kayan makafi ne, kuma kada a sa talla a ciki. A Amurka makaho yana iya aika wasiƙarsa kyauta in da rubutun Braille ce, ko da manyan haruffa, ko a naɗe da murya. Amma in mai ido ya ɗauki biro ya rubuta wa makaho wasiƙa irin wadda aka saba, to sai ya biya. Ga alama akwai tsauri a nan, amma in an duba akwai hankali a ciki. Abin da aka yafe shi ne ƙarin nauyin da makanta ta ɗora wa mutum, ba kuɗin zumunci ba.

Wa ke biya ke nan, tun da jirgi da mota ba da ruwa suke tafiya ba? A Amurka majalisa ce ke ware kuɗi kowace shekara ta mayar wa gidan waya abin da ya kashe. A Ingila kuwa dokar gidan waya ta 2011 ta sa wannan hidima a cikin wajiban da ke kan mai riƙe da aikin raba wasiƙu na ƙasa baki ɗaya, ya ci riba ko bai ci ba. Ko ta wace hanya dai, jama'a ne ke ɗauka, kowa da ɗan abin da ba zai ma ji a jikinsa ba. Su kansu ƙungiyoyin makafi ba sa son a kira abin sadaka. Hujjarsu ita ce mai ido yana shiga laburaren garinsu da ƙafarsa ya ɗauki littafi kyauta, da kuɗin harajin da kowa ya biya aka gina shi, har da makaho. In an kai wa makaho nasa littafin har gida, an daidaita shi ne da maƙwabcinsa kurum. Ni dai na gamsu da wannan hujja.

Mu dawo gida. Nijeriya ta shiga Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya da ƙashin kanta a 1961, shekara guda bayan samun mulkin kai. A lokacin gidan waya da tangaraho ma'aikata guda ce, sai a 1985 aka raba su, ɓangaren wasiƙu ya zama NIPOST. Makarantun makafi kuwa sun riga mulkin kai zuwa. An buɗe ta Gindiri da ke Jihar Filato ta yanzu a 1953. An kafa ƙungiyar tallafa wa makafi ta tarayya a Ikko a 1955, wadda ke da cibiyar koyon sana'a a Oshodi. Makarantar Pacelli ta Surulere ta fara aiki a 1962, sa'an nan a 1977 aka kafa kwalejin horon malaman naƙasassu ta tarayya a garin Oyo, nan kusa da mu. Hausa ma tana da nata tsarin rubutun Braille, har da alamomin ɓ da ɗ da ƙ.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne ga tsara al'amuran makafi. Sarautar Sarkin Makafi tsohuwa ce a biranen Arewa, kuma iyayenmu sun taho da ita kudu. Baturen nan Abner Cohen da ya zauna a Sabo ta Ibadan yana bincike, ya fitar da littafinsa a 1969, ya bayyana yadda makafi da guragu da kutare kowane rukuni ke da shugabansa a ƙarƙashin Sarkin Sabo. Wannan tsari ya rufa wa mutane da yawa asiri, baƙo ya sauka ya sami wurin kwana da ɗan jagora. Sai dai mu faɗi gaskiya, tsarin an gina shi ne a kan bara. Makahon da ya haddace Alƙur'ani da ka muna girmama shi, amma ba mu cika tunanin cewa ɗan da aka haifa ba ido zai iya zama lauya ko malamin makaranta ba, alhali a garuruwan da muke zaune akwai makafi 'yan wasu ƙabilu da suka kai haka. Yawan mutanen da ake magana a kansu ba kaɗan ba ne. Binciken da aka yi a faɗin ƙasar nan daga 2005 zuwa 2007 ya ƙiyasta cewa makafi 'yan shekara 40 zuwa sama sun haura miliyan ɗaya, kuma yanar ido ce ta fi komai jawo makantar. Akasarinsu da girma suka rasa gani, irin waɗanda littafi mai magana ya fi yi wa amfani.

Wani zai ce ai yanzu zamani ya canza, littafi mai magana yana shigowa ta intanet cikin wayar hannu, me za a yi da gidan waya? Gaskiya ne ta ɓangaren saurare, an sami sauƙin da mutanen 1935 ba su yi mafarkinsa ba. Amma saurare daban, karatu daban. Yaron da ba ya shafa ɗigo da yatsansa ba zai san yadda ake harhaɗa kalma ba, ba zai iya bin lissafi layi-layi ba, ba zai rubuta jarrabawa da hannunsa ba. Na'urar lantarki mai fito da ɗigon Braille tana nan, amma tsadarta ta fi ƙarfin talaka. Saboda haka takarda mai kauri tana nan daram, da nauyinta.

Ita ma Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya ta bi zamani. A taronta na Doha a 2012 ta faɗaɗa ma'anar abin da aka yafe, daga kayan karatu kurum zuwa kayan makafi gaba ɗaya. Yanzu ya haɗa da wasiƙu da littattafai ko ta wace siga, har da na murya, da kayan aikin da aka ƙera musamman don taimaka wa makaho, muddin makaho ne ko ƙungiyar makafi ke aikawa ko karɓa. A 2013 kuma aka ƙulla wata yarjejeniya a birnin Marrakesh na Maroko da ta shafi haƙƙin mallakar littafi. Ta ba da damar a mai da littafi rubutun Braille ko murya, a kuma aika shi wata ƙasa, ba sai an nemi izinin mai littafin ba. Ta fara aiki a 2016, Nijeriya ta tabbatar da amincewarta a 2017, sa'an nan ta shigar da maganar cikin sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023. Ta Marrakesh ta ba da izinin kwafar littafin, ta gidan waya ita ke ɗaukar ɗawainiyar kai shi. Iyakar kilo 7 ɗin nan tana nan yadda take, don haka littafin lissafin sakandare da ya kai mujalladi da yawa sai a kasa shi ƙunshi-ƙunshi, a rubuta wa kowane ɗaya lambarsa a baya don kada ɗalibi ya sami na uku kafin na farko.